Yaya ake gane kamfanin inshorar mota na ƙwarai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, kafin mutum ya biya kuɗin inshorar mota, me ya kamata ya duba? Araha ta wadatar?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. A'a, Malam. Fara tabbatar da cewa kamfanin yana da rajista a hukumar da ke sa ido kan inshora, don takardun bogi sun yi yawa. Sannan ka tantance wace iri ce: akwai wadda ke biyan wanda ka buge kawai, akwai cikakkiya mai haɗawa da motarka, sata da gobara. Tambayi kason da za ka fitar daga aljihunka kafin su sa nasu. Sau da yawa nan arahar take ɓoye.

Amsa ta 2: Gwada su tukuna. Kira lambarsu da dare ka ji ko za a ɗauka. A rubuta maka kwana nawa suke biyan diyya, da wa ke zaɓen bakanike.

Amsa ta 3: Cikin abubuwan da ke hana biya akwai jinkirin sanar da su haɗari, ko yin haya da motar da aka rubuta ta gida ce. Ɗauki hotuna nan take, har da lambar ɗayar motar, ka karɓi rahoton 'yan sanda, kuma kada a taɓa gyara sai jami'insu ya gani.