Muhawara: 4,294,967,297 tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Injiniya: Jama'a, ina kan bakana. Wannan lambar ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. A jera 2 guda 32 a yi ta ninkawa, a ƙara 1, ita ce. 'Yan gidansu 3, 5, 17, 257 da 65,537, wato in an jera 2 guda 1, 2, 4, 8 da 16 an ninka an ƙara 1, duk ba sa rabuwa. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya faɗa tun 1640 cewa duk lambobin wannan jerin haka suke.

Auta: Yaya, na goyi bayanka. Mara ce, 2 ba ta shiga. Na haɗa alƙalumanta suka ba ni 59, kenan 3 ma ba ta shiga. Tun bayan la'asar nake danna kalkuleta, na wuce 100 ban samu mai raba ta ba.

Malama: Auta, sannu da ƙoƙari, amma da wuri ka tsaya. Gwada 641.

Auta: Ikon Allah! 6,700,417 cif, ba ragowa.

Injiniya: Malama, kalkuletar waya takan datse lamba idan ta yi tsawo. Ban yarda ba tukuna.

Malama: To ɗauki biro. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200. Sau 40 kuma 268,016,680. Haɗa su, ka ɗora 6,700,417 guda ɗaya a kai. Masanin lissafi Euler ne ya gano haka a 1732, bayan shekara 92 ana riƙe da zancen Fermat. Abin da ke burge ni shi ne ba sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba: ya nuna duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Ka ga 641 kuwa 64 sau 10 ce da ɗaya. Ina koyar da wannan ne musamman don ɗalibaina su daina cewa misali biyar hujja ne.

Baffa: Ni inda ban yarda da ke ba, Malama, kada a ce Fermat ya yi kuskure. A wasiƙarsa ya ce yana da yaƙini amma bai da cikakkiyar hujja. Wanda ya ce zato nake ai bai yi ƙarya ba.

Malama: Baffa, ban kira shi maƙaryaci ba, Allah ya kiyaye. Amma zaton bai faɗa daidai ba. Har yau ba a samu wata marar rabuwa a wannan jerin ba bayan 65,537.

Baffa: Duk da haka jerin bai tashi a banza ba. Da 17 ɗin nan masanin lissafi Gauss ya nuna a 1796 cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai.

Injiniya: Na lissafa a bayan takarda, ya fito. Na janye. Ita 6,700,417 ɗin fa?

Malama: Ita kam ba ta rabuwa, 641 ma haka. Su biyun ne kaɗai suka haifi 4,294,967,297.