Kompressor tana rage ƙarfi da rana, in canja fuli?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Mercedes C230 Kompressor ce, injin M271. Da asuba tana ja sosai, amma da azahar a hanyar Jega ko na taka totur sai ta yi nauyi. An ce in canja fuli, wato gargaren da bel ke juyawa, don sufacaja, na'urar da ke matsa iska cikin inji, ta ƙara gudu. Masana, ku ba ni shawara.

Bakanike daga Jega:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka taɓa fuli tukuna, zafi ne matsalarka. Sufacajar Eaton da ke kan wannan inji tana dumama iskar da take matsawa, ga ranar Afrilu da ke wuce digiri 40. Iska mai zafi tana sa inji ƙwanƙwasa, birenbos, wato kwamfutar motar, ya ji ta na'urarsa ta jin ƙwanƙwasa, sai ya ja wutar fulogi baya don kada fistin ya ƙone. Nauyin da kake ji ke nan. Sufacaja ta ƙara gudu, zafin ma ƙaruwa zai yi.

Sa sikana, na'urar karanta birenbos, ka duba zafin iskar da ke shiga inji kana tafiya. In yana haura digiri 60, fara da intakula, mai sanyaya iskar da sufacaja ta matsa kafin ta shiga inji. Cire bamba, ka wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don ƙurar hunturu tana toshe tsakaninta da kwandensar AC. Cikinta kuma in akwai baƙin mai, a ɗauraye, ta bushe sarai kafin a mayar. Sannan a toshe tiyon intakula, a hura iska mai matsin kamar bar 1, a yayyafa ruwan sabulu a kowane kilif. Inda ya yi kumfa, nan ne iska take zurara.

Mai gyaran waya, Argungu:
Gaskiya ne, Oga. Ƙari a kai, motar nan fetur mai oktan 95 (awon jure ƙwanƙwasa) take so, namu kuwa bai cika kaiwa ba. In an ƙara matsin iska, dole a sake saita birenbos, a sa fulogi mai sanyi (mai saurin fitar da zafi) mataki ɗaya, a tabbatar awon iska da mai yana tsakanin kashi 11.5 da 12 na iska ga kashi 1 na mai a cikakken totur. Feshin ruwa da metanol (wani nau'in sifirit) rabi da rabi cikin iskar da ke shiga inji yana taimakawa ƙwarai, amma tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba na rijiya ba, don kada nozul ya toshe.

Bakanike daga Jega:
Ka kuma saurari sarkar tayimin da safe. M271 ta yi suna wajen cin haƙoran kamshaf; in tana ƙara, ita za ka fara gyarawa. Baƙin garin roba kusa da fuli kuma alamar bel na sulɓewa ne.