Don Allah a ba ni shawara, ƙawata ta yi fushi kan hoton Nana Maryam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƙawa Kirista mun shaƙu tun muna makaranta, da na haihu aka sa wa yarinyar Maryam sai ta kawo min kyauta har da ɗan hoton Maryamu mai shuɗin mayafi wai in rataye a ɗaki, na karɓa saboda kunya na jefa durowa, to jiya ta zo ta tambaya nace mata mu ba ma rataye hoton bayin Allah, sai ranta ya ɓaci tace ashe dama ba kwa ganin girmanta. Wallahi bakina ya mutu. Me zan ce mata?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ƴar uwa ai amsar tana cikin Alƙur'aninki. Sura ta 19 sukutum sunanta ne, aya 98, kuma ita kaɗai ce macen da Allah ya ambata da sunanta a Alƙur'ani, ko Nana Khadija ba a kira sunanta ba. Ki karanta mata Ali Imrana daga aya ta 35, yadda mahaifiyar Nana Maryam ta yi bakance da ita tun tana ciki, Annabi Zakariyya ya riƙe ta, duk sanda ya shiga wajenta sai ya tarar da abinci ya tambaya daga ina tace daga Allah. Aya ta 42 kuma mala'iku suka ce mata Allah ya zaɓe ta a kan matan duniya. Surar nan ta Maryam ce ma Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta wa Najjashi sarkin Habasha, Kirista ne fa lokacin, har ya yi kuka.

Amsa ta 2:
Ni ƴar Katolika ce bari in sa baki. Mu ba bauta mata muke ba, roƙonta muke ta yi mana addu'a wajen ɗanta, hoton kuma tuni ne kamar yadda za ki ajiye hoton mamanki. A Littafi Mai Tsarki, a Luka 1 Jibra'ilu ya zo mata a Nazarat, a Yohanna 19 tana tsaye gindin gicciye, to kinga dole mu ji ta a rai. Ƙawarki abu mafi daraja a wajenta ta ba ki shi yasa abin ya mata zafi.

Amsa ta 3:
Ki gaya mata har cikin Kiristoci ba kowa ke rataye hoton ba, yawancin Furotesta ba sa roƙonta.

Amsa ta 4:
Amma kar a rufa-rufa, bambancin yana nan. A taron shugabannin coci na birnin Afisa a shekarar 431 aka tabbatar da kiranta Uwar Allah, mu kuma uwar Annabi Isa ce, baiwar Allah mai gaskiya. Kar ki shiga nan da ita yanzu tana cikin fushi. A Lebanon ma 25 ga Maris hutu ne na Musulmi da Kirista tare saboda busharar haihuwar Annabi Isa da aka yi wa Nana Maryam, kowa da aƙidarsa.

Mai tambaya:
Na gode sosai, ni ko labarin Najjashin na manta. Zan kira ta anjima. Hoton fa, in mayar mata ko in bar shi a durowar?

Amsa ta 2:
Ki mayar mata da hannunki da kalamai masu daɗi, ya fi ta sake zuwa ta tarar da shi ƙarƙashin kaya.