Wai da gaske ana sauya halittar sauro don a kashe maleriya?

Maman_Yara: Salam 'yan uwa, dan Allah mai ilimin abin nan ya min bayani, na ji wai ana ƙera sauro a dakin bincike ana saki, ni dai jiya ma kwana na yi ina fifita yarona da zazzaɓi, ta ya ƙarin sauro zai rage cuta?

Dan_Lab: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ai macen sauro ce kawai ke cizo, namiji ba ya shan jini. Kamfanin Oxitec maza suke saki ɗauke da wani ƙwayar gado, in sun haɗu da matan daji 'ya'ya mata sai su mutu tun suna tsutsa, mazan su rayu su ci gaba da yaɗa shi. Sun gwada a Brazil kan sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, a 2024 kuma suka fara a Jibuti kan mai kawo maleriya.

Malam_Tsoho: Ni fa tsorona wani ƙwayar gadon ne daban, wanda ke bin zuri'ar sauro gaba ɗaya, wanda masana a Landan suka gwada a keji a 2018 sauron suka ƙare kaf, to in an saki a daji aka ga matsala wa zai kamo su, sauro bai san iyakar ƙasa ba.

Dan_Lab: Gaskiyarka Malam, shi ya sa wannan har yanzu yana keji. Amma maleriya na cin rai kusan 600,000 duk shekara, yawanci ƙananan yara.

Maman_Yara: Na gode sosai, kafin nan dai gidan sauro ba fashi.