Canon 250D ko Nikon D5600 don hawan Sallah da biki a Daura?

Salamu alaikum masu ɗaukar hoto. Kuɗin da ke hannuna na kyamara ɗaya ne da gilashin kyamara (lens) ɗaya, aiki kuma iri biyu ne: sukuwar dawaki a hawan Sallah da Sallar Gani, sai kamu da daddare a tsakar gida mai ƙwan fitila ɗaya.

Dukkansu megafiksel 24 ne, hoto 5 a daƙiƙa, nan babu gardama. D5600 tana da ɗigon saiti 39 (wuraren da kyamara ke kama abu da su don hoto ya fito tar), 250D kuwa 9 kacal idan ta ido ake leƙawa, ga shi dokin da ya taso a guje cikin ƙura ba ya jiran kowa. Sai dai jikin D5600 ba shi da injin juya gilashi, don haka gilashin 50mm f/1.8D mai araha ba zai saita kansa ba, dole sai nau'in G, wanda ya fi tsada.

Inda na cije shi ne filasha. An cire wa 250D ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, shi ya sa ƙananan filashar da aka saba saye ba sa tashi a kanta, kuma aikin dare ba ya yiwuwa babu su. Amma a bidiyo 250D ta fi D5600 riƙe fuskar amarya nesa ba kusa ba.

Don Allah wanda ya yi aiki da 250D, wace filasha ce ta tashi a kanta lafiya? Kuma ɗigo 9 na kama doki a saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa, ko hoton yakan fito dishi-dishi?