Manhajojin sauya sauti duk damfara ce!

Mai Rikodi: Jama'a ku zo ku ji. Lacca ce ta awa ɗaya, MP3 mai 128 kbps (ma'aunin yawan datar da sauti ke ci a kowace daƙiƙa), nauyinta MB 58. Na ce bari in sa manhaja ta mayar da ita WAV, wani nau'in fayil ɗin sauti, ta fita tas. Sai ta kumbura zuwa MB 635, kuma wannan shuu ɗin da ke bin harafin "s" yana nan daram. Na gwada MP3 mai 320 kbps, nauyi ya ninka na farko biyu da rabi, kunne bai ji komai ba. Manhajojin nan duk damfara ce wallahi.

Injiniya: Damfara? Wa ya karɓi kuɗinka?

Mai Rikodi: Datata da lokacina fa?

Injiniya: Malam, MP3 zubar da wani sashe na sautin yake yi don ya rage nauyi, abin da aka zubar kuma ya tafi. WAV ba ya matse komai, kusan MB 10 yake ci kowane minti, ko shiru ka naɗa. Ka juye ruwan kofi a bokiti, kana mamakin bai ƙaru ba.

Ɗan Auta: Amma Yaya, "HD" suke rubutawa a maɓallin manhajar. In ba damfara ba, meye?

Hajiya Babba: Damfara sai da niyya. Wannan talla ce kawai.

Ɗan Auta: Hajiya, tallar ƙarya ba niyya a ciki?

Hajiya Babba: Kai yaro, ka taɓa ganin an damfari mutum da abin kyauta?

Mai Shiru: Mai Rikodi, in kana da asalin rikodin, koma kansa ka matse sau ɗaya tak. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar sitiriyo, wato sauti mai layi biyu, hagu da dama. Mono, mai layi ɗaya, a 64 kbps zai ba ka wajen MB 29. In daga bidiyo kake cirewa, sa umarnin -c:a copy a manhajar ffmpeg, zai zaro sautin yadda yake ba tare da sake matsewa ba.

Sarkin Opus: Ku da MP3 ɗinku na 1993. Opus fa, tsarin matse sauti na zamani? Da shi WhatsApp ke aika saƙon murya, ka taɓa jin an yi kukan nauyi?

Injiniya: Saƙon muryar da kamar daga cikin rijiya ake magana?

Sarkin Opus: Wannan makirufon wayarka ne, ba Opus ba.

Ɗan Auta: Masu iPhone dai tsarin matse sauti na AAC suka sani, shi ya sa Injiniya ke jin haushi.

Injiniya: Ina ruwan wayata da wannan magana? Kai da ko sifika mai kyau ba ka da ita.

Ɗan Auta: Wani abokina ya gwada, ya ce Opus ya fi.

Hajiya Babba: "Wani abokina". To, hujja ta zo.

Mai Rikodi: Ni dai ban janye ba. Damfara ce.

Admin: To ya isa haka. Abin da aka cimma: babu wata damfara, Injiniya ya yi bayani gamsasshe kamar kullum, kuma kowa ya yarda FLAC ne mafita, tunda yana rage nauyin WAV ba tare da zubar da komai ba. Masu Opus ba su kawo hujja ba.

Sarkin Opus: Ranka ya daɗe, wa ya ambaci FLAC a nan in ba kai ba?

Admin: An rufe sharhi.