Musayar Waƙa Kan Ƙarar Ababen Hawa a Bauchi

Malamar firamare daga Yelwa:

Sallama gare ku, 'yan'uwa, da ita nake fara,
Kuka na kawo muku kan abin da ya dami yara.
Ina tsaka da darasi sai tifa ta wuce da ƙara,
Dole in yi shiru har ta yi nisa kafin in ɗora.
Da dare kuma 'yan rakiyar amarya sun jero babura,
Sun cire salansa da gangan, jariri ya farka yana tsala ihu tun ƙarfe tara.

Ɗan acaɓa daga Wunti:

Malama, gaskiyarki ce, amma ki saurara,
Ni da ke kan babur tun asuba na fi kowa shan ƙara.
Salansata ta huje tun daminar bara,
Kuɗin mai da balas ɗin mai babur suka hana ni gyara.
Oda kuwa a shataletalen Wunti ita ce hattara,
Domin mai Keke Napep kan tsaya babu ko ishara.

Tsohon bakanike daga hanyar Jos:

Ɗana, na ji uzurinka, amma ga shawara,
Mai walda zai toshe hujin nan kafin ka gama shan fura.
Cikin tukunyar salansa akwai ɗakunan da ke karya ƙarfin ƙara,
Wanda ya fasa su don burga kunnen kansa ya sara.
Na tsufa a gareji, kunnena na hagu ya tafi, babu gyara.

Ma'aikaciyar jinya daga Jahun:

Baba, abin da ya same ka shi muke gani duk shekara,
Desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 8 kullum, ji ne ke yin asara.
Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ba Turai shawara,
Cewa kada titi ya wuce desibel 45 da dare, don a kwanta ba fargaba ba ƙara,
Ga shi rashin barci hawan jini yake ƙara.
Dokar amo ta NESREA, hukumar kare muhalli ta ƙasa, tun 2009 aka tsara,
Saura jami'an hanya su riƙa duba salansa, su ci mai laifi tara,
A kuma hana oda gaban asibiti da makarantun yara.

Ɗan acaɓa ya dawo:

Baba, gobe ina garejinka kafin ƙarfe tara,
Ka yi mini rangwame, kasuwa ba ta yi kyau ba tun bara.